Sunayen halittu sun ƙi zama a kaina, ga jarrabawa ta ƙarato

Assalamu alaikum, Malamai. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare, ɓangaren kimiyya, burina in karanta aikin jinya. Saura mako shida mu fara WAEC, ga NECO na biye. Darasin da ya tsaya mini a wuya a bayoloji shi ne na rarraba halittu da sunayensu na kimiyya. Na rubuta sunaye sun kai tamanin a bayan littafina, in haddace da dare, gari na wayewa sun gudu. A jarrabawar gwaji malam ya soke mini amsoshi uku alhali na tabbata sunan daidai na rubuta, na kuma ji nauyin tambayarsa dalili. Littattafai biyu nake karantawa, ɗaya ya ce masarautun halittu biyar ne, ɗayan ya kawo wasu manyan rukunai uku a samansu, har sunan tumatir ma kowanne da nasa. Ɗakin gwajinmu ba shi da kaya sosai. Na fara tunanin in tsallake darasin gaba ɗaya in mayar da hankali kan wasu. Ku ba ni shawara.

Wa alaikumus salam, ƙanwarmu. Kada ki tsallake shi. Ko kin kauce masa a takardar tiyori, yana nan yana jiranki a firaktikal, inda za a ajiye miki ƙwaro ko ganye a kan tebur a ce ki faɗi ajinsa da dalili. Zai kuma tare ki a canki-canka, inda babu zaɓen tambaya. Ga shi aikin jinya kike so, inda Plasmodium falciparum na zazzaɓin cizon sauro da Vibrio cholerae na kwalara za su zama abokan zamanki na kullum. Abin da za ki ajiye shi ne jerin nan na sunaye tamanin. Haddace su a jere daidai yake da haddace lambobin waya tamanin da ba ki san masu su ba, dole su zube. Suna yana zama ne idan akwai abin da aka rataye shi a jiki, kuma mafi yawan abubuwan suna cikin gidanku: a rumbu, a madafa, a turken awaki.

Bari mu fara da amsoshin da aka soke, domin nan ne maki ke zubewa a banza. Ba mu ga takardarki ba, amma kurakuran da ke sa a soke suna alhali ɗalibi ya san shi ba su da yawa. Sunan kimiyya kalma biyu ne. Ta farko sunan jinas, wato Genus, rukunin nau'o'in da suka fi kusanci, tana farawa da babban baƙi. Ta biyu tana bambanta nau'in da sauran 'yan jinas ɗin, kuma duk da ƙananan baƙaƙe ake rubuta ta, ko da daga sunan ƙasa ko na mutum aka samo ta. Masara ita ce Zea mays. Wanda ya rubuta Zea Mays ya yi kuskure, wanda ya rubuta zea mays ma haka. A littafin da aka buga a maɗaba'a ana karkata haruffan, a rubutun hannu kuwa ana jan layi a ƙarƙashinsu, kowace kalma da nata layin, kada ki ja guda ɗaya dogo ya haɗe su. A rubutu irin wannan da kike karantawa ba mu ja layin ba, amma ke a takardar jarrabawa ba ki da wannan uzuri. Idan aka ce ki ba da sunan nau'i, kalmomin biyu za ki rubuta. Mays ita kaɗai ba sunan komai ba ce. Bayan kin rubuta sunan cikakke sau ɗaya kina iya taƙaitawa ki ce Z. mays, amma ba a farawa da taƙaitawa. Idan jinas kawai kika sani, ki rubuta Anopheles sp., in nau'o'i da yawa kike nufi ki rubuta spp., kuma waɗannan gutsattsarin ba a ja musu layi. Sunayen matakan sama, irin su Insecta da Mammalia, suna farawa da babban baƙi amma ba a ja musu layi.

Sai kuskuren harafi. Sunan ɗan Adam Homo sapiens ne, da s a ƙarshe, ko mutum ɗaya ake nufi. Ɗalibai da yawa suna cire ta suna zaton alamar jam'i ce. Gyaɗa Arachis hypogaea ce, akwai a kafin ea na ƙarshe. Harafi ɗaya ya isa ya ci miki maki. Akwai kuma amsa tambayar da ba a yi ba: a tambaye ki failom (Phylum, matakin da ke saman aji) na kyankyaso ki rubuta Insecta, alhali wannan ajinsa ne, failom ɗinsa Arthropoda. Ki ɗauki takardar nan ki je wurin malam bayan darasi ki ce, "Malam, ina so ka nuna mini inda na kuskure don kada in maimaita." Matambayi ba ya ɓata, kuma minti biyu ya isa ki san wanne daga cikin waɗannan ne ya ci ki.

Matakan rarrabawa bakwai ne, kuma da Turanci za ki rubuta su, don haka ga su yadda suke: Kingdom, Phylum, Class, Order, Family, Genus, Species. A nan za mu riƙa cewa masarauta, failom, aji, oda, dangi, jinas da nau'i. A tsirrai wasu littattafai suna cewa Division a maimakon Phylum, mataki ɗaya ne. Don riƙe jerin, ki kama baƙaƙen farko na wannan jimla: Kawo Pensir Cikin Ofis, Fara Gyara Suna. Mun rubuta fensir da P da gangan, tunda shi ma Phylum da sautin f ake furta shi amma da P ake rubutawa.

Ki ɗauki matakan kamar adireshi: ƙasa, jiha, ƙaramar hukuma, gunduma, unguwa, gida, sannan mutum. Duk saukar da aka yi mataki ɗaya, yawan jama'a na raguwa, kamanninsu na ƙaruwa. Wannan jimla ɗaya tana amsa tambayoyin canki-canka da dama: wane mataki ya fi yawan halittu, a wane mataki suka fi kama da juna. Ki gwada da kyanwa, zaki da kare. Dukansu Animalia, Chordata, Mammalia, Carnivora. A nan kare ya yi sallama ya shiga dangin Canidae. Kyanwa da zaki suka ci gaba tare cikin Felidae, sai a jinas suka rabu: kyanwa Felis catus, zaki Panthera leo. Damisa kuwa Panthera pardus ce, gida ɗaya suke da zaki. Mutum yana tare da su har ajin Mammalia, daga nan ya bi Primates, Hominidae, Homo. Ƙudan gida tun a failom ya rabu da su: Arthropoda, Insecta, Diptera, Muscidae, Musca domestica. Halittu huɗu ko biyar da kika iya saukowa da su tun daga sama har ƙasa sun ishe ki. Ki lura da ƙarshen kalma ma, yana taimako: dangin dabbobi yana ƙarewa da idae, na tsirrai da aceae, kamar Poaceae na masara, dawa, gero da shinkafa, da Fabaceae na wake da gyaɗa. Tsofaffin littattafai suna kiran waɗannan biyun Gramineae da Leguminosae.

Ga tarkon da masu shirya tambaya suke ƙauna. A ba ki sunaye huɗu a ce waɗanne biyu ne suka fi kusanci. Kalmar farko za ki duba, ita ce sunan gidan. Albasa Allium cepa da tafarnuwa Allium sativum 'yan gida ɗaya ne, hanci ma ya shaida. Haka wake Vigna unguiculata da gurjiya Vigna subterranea, yakuwa Hibiscus sabdariffa da rama Hibiscus cannabinus, magarya Ziziphus mauritiana da kurna Ziziphus spina-christi. Kalma ta biyu kuwa siffa ce kawai, kowa na iya ɗauka. Mangwaro Mangifera indica, tsamiya Tamarindus indica, dogon yaro Azadirachta indica: dukansu indica, ma'ana na Indiya, amma kowanne danginsa daban, kamar yadda Musa Dogo da Audu Dogo ba lallai su haɗa kaka ba. Sunan Hausa ma yana iya ɓatar da ke. Dankalin Turawa Solanum tuberosum ne, ɗan'uwan tumatir da gauta. Dankalin Hausa Ipomoea batatas ne, wani dangi daban. Kama da wane ba wane ba ne.

Ma'anar nau'i tana fitowa a tiyori, kuma ɗalibai suna yanke ta rabi. Nau'i rukuni ne na halittu masu kama da juna da za su iya barbara a tsakaninsu su haifi 'ya'yan da su ma za su iya haihuwa. Rabin ƙarshe shi ne mai maki. Doki Equus caballus da jaki Equus asinus jinas ɗaya ne, suna haɗuwa a sami alfadari, amma alfadari ba ya haihuwa. Doki yana da kuromosom 64, jaki 62, alfadari ya tashi da 63, adadin da ba ya rabuwa biyu daidai lokacin yin ƙwayoyin haihuwa. Shi ya sa doki da jaki nau'i biyu ne. Ki sa wannan misali a amsarki.

Sunayen da kike gani kamar surkulle, Latin ne da Girkanci, kuma kusan kowanne yana faɗin wani abu. Hypogaea na nufin ƙarƙashin ƙasa, inda gyaɗa ke yin 'ya'ya. Subterranea na gurjiya ma haka yake nufi. Kuka Adansonia digitata ce: digitata mai yatsu, ki dubi ganyenta ki gani kamar tafin hannu a buɗe, Adansonia kuma daga sunan Michel Adanson, Bafaranshen da ya je Sanagal a 1749 ya yi bayanin bishiyar. Ɗorawa Parkia biglobosa ta ci sunan Mungo Park, wanda ya mutu a Busa a 1806. Oleifera na zogale, Moringa oleifera, mai ba da mai. Mellifera na ƙudan zuma, Apis mellifera, mai ɗauke da zuma. Sativa ko sativum abin da ake nomawa, kamar shinkafa Oryza sativa. Esculentus ko esculenta abin da ake ci, kamar kuɓewa Abelmoschus esculentus da rogo Manihot esculenta. Domestica na gida. Bicolor mai launi biyu, kamar dawa Sorghum bicolor. Manyan rukunai ma haka: Arthropoda masu ƙafafu gaɓa-gaɓa, Annelida masu zobe-zobe, Platyhelminthes tsutsotsi masu faɗi, Mollusca masu taushin jiki, Echinodermata masu ƙaya a fata. Wanda ya san ma'anar sunan ya riga ya sami siffa ɗaya ta rukunin kyauta. Wasu sunayen kuma ba sa buƙatar wahala ko kaɗan: ƙadangare Agama agama, ɓera Rattus rattus. A dabbobi an yarda a maimaita kalma haka, a tsirrai ba a yarda ba.

Batun littattafanki biyu, babu wanda ya yi ƙarya, zamaninsu ne daban. Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, shi ya kafa tsarin suna mai kalma biyu, ya bi shi a kan tsirrai a littafinsa na 1753, a kan dabbobi kuma a 1758. A wurinsa masu rai kashi biyu ne, tsirrai da dabbobi. Da madubin ƙara girma ya inganta, aka ga halittun da suka ƙi shiga ko'ina, sai Ernst Haeckel na Jamus ya kawo Protista a 1866. A 1969 Robert Whittaker na Amurka ya tsara masarautu biyar: Monera, Protista, Fungi, Plantae, Animalia. A 1990 Carl Woese da abokan aikinsa, bayan nazarin ƙwayoyin gado, suka ɗora mataki na takwas a saman masarauta, wato Domain, kashi uku: Bacteria, Archaea, Eukarya. Abin da ya faru shi ne Monera ta rabu biyu, sauran huɗun suka taru ƙarƙashin Eukarya. Karatun sakandare a kan biyar ɗin aka gina shi, su za ki riƙe da kyau. Ukun nan ki san sunayensu da wanda ya kawo su, ya wadatar. Idan kina son jimlarmu ta ɗauke su, ki sa Dauda a gaba, D na Domain.

Masarautun biyar ba sa buƙatar hadda idan kika saba yi wa kowace halitta tambaya uku. Ƙwayar halittarta tana da cibiya mai rufi, wato nukiliyas? Idan babu, Monera ce, kamar bakteriya. Idan akwai, ƙwaya ɗaya ce ko jiki mai ƙwayoyi da yawa? Mai ƙwaya ɗaya, kamar Amoeba, Paramecium da Plasmodium, galibi Protista ce. Mai ƙwayoyi da yawa sai a tambayi yadda take ci. Mai haɗa abincinta da hasken rana, mai bangon selulos, tsiro ce. Mai haɗiye abinci ta narkar a ciki, marar bango a ƙwayoyinta, dabba ce. Mai zuba ruwan narkarwa a kan abinci ta tsotse, Fungi ce. Ki bar gutsuren burodi mai ɗan laima a cikin leda kwana uku zuwa biyar, za ki ga farin zare kamar auduga da baƙaƙen ɗigo a kai. Rhizopus ke nan ko ɗan'uwansa Mucor, ɗigon kuma jakunkunan ƙwayoyin yaɗuwarsu ne. Ki duba ta cikin ledar, kada ki buɗe ki shaƙa. Naman kaza yana tsirowa daga ƙasa kamar tsiro, amma ba shi da kulorofil kuma bangon ƙwayoyinsa kaitin ne, shi ya sa aka fitar da shi daga Plantae. Yis na burodi ƙwaya ɗaya ne amma Fungi ne, wannan togaciya ce da za ki riƙe.

Biyu ne suke yawan dawowa saboda sun tsaya a kan iyaka. Euglena tana da kulorofil kamar tsiro, amma ba ta da bangon selulos, tana iyo da bulala, tana da ɗigon gane haske, siffofin da ake jinginawa ga dabba. Ki iya kawo biyu-biyu daga kowane ɓangare. Bairas kuwa ba ya cikin masarautun ko ɗaya: ba ƙwayar halitta ba ne, ba ya hayayyafa sai a cikin ƙwayar wani mai rai. Spirogyra, koren zaren nan mai santsi na kududdufi, wasu littattafai suna sa shi a Protista, wasu a Thallophyta cikin tsirrai. A nan ki bi abin da malaminku ya koyar.

Inda Hausa za ta yi miki ƙafar ungulu shi ne kalmomin ƙwaro da tsutsa, domin kowacce ta tara abin da kimiyya ta raba. A bakinmu kyankyaso ƙwaro ne, kaska ƙwaro ce, kunama ma haka. A jarrabawa ƙafa za ki ƙirga. Ƙafa shida, jiki kashi uku, wato kai, ƙirji da ciki, da gashin ji guda biyu a ka: Insecta. Fuka-fuki ba sharaɗi ba ne, ƙwarƙwata da ma'aikatan gara ba su da shi amma Insecta ne. Ƙafa takwas, jiki kashi biyu, babu gashin ji: Arachnida, nan gizo-gizo da kunama da kaska suke. Ƙaguwa da jatan lande Crustacea ne, gashin jinsu guda huɗu. Shanshani yana da ƙafa biyu a kowace gaɓa, jikinsa shimfiɗaɗɗe, Chilopoda ke nan. Ƙadandoniya tana da huɗu a kowace gaɓa, jikinta mulmulalle, Diplopoda. Wasu littattafai suna haɗa su biyun a Myriapoda. Abin da ya tara su duka a Arthropoda shi ne ƙafafu masu gaɓoɓi, jiki gaɓa-gaɓa da ɓawo mai tauri a waje.

Tsutsa ta fi rikitarwa. Tana da matsattsaku Annelida ne, jikinsu zobe-zobe. Kurkunu da Ascaris na cikin hanji Nematoda ne, dogaye, mulmulallu, babu zobe. Wadda ke kawo tsargiya, Schistosoma, Platyhelminthes ce. Tsutsar da ke cin ganyen masara da wadda ke cikin ruɓaɓɓen nama kuwa ba sa cikin ko ɗaya, 'ya'yan Insecta ne da ba su gama rikiɗa ba. Masu ƙashin baya sun fi sauƙi, abin da ya rufe jiki ya isa: ɓawo a kifi, fata mai laima marar ɓawo a kwaɗo, busasshen ɓawo a ƙadangare da kada da maciji, gashin tsuntsu a tsuntsaye, gashi da shayarwa a Mammalia. Jemage yana tashi, amma haihuwa yake yi yana shayarwa, don haka ajinsa ɗaya da akuya.

A tsirrai, matakan suna hawa kamar tsani. Bryophyta ba su da saiwa ta gaskiya ko jijiyoyin kai ruwa. Pteridophyta suna da jijiyoyin amma ba sa yin iri. Masu iri kashi biyu ne: Gymnospermae, irinsu a tsirara ba a cikin ɗa ba, da Angiospermae masu fure, irinsu a rufe. Kusan duk abin da ke gonakinmu na ƙarshen nan ne, kuma rabuwarsu biyu ita za ki fi haɗuwa da ita. Ba ki buƙatar ɗakin gwaji. Ki jiƙa ƙwayar wake biyar da masara biyar su kwana. Da safe ki murje fatar wake ɗaya, zai rabu gida biyu. Masara ba za ta rabu ba. Ɓangarorin nan su ne ganyen iri: wake mai ganyen iri biyu ne, masara mai ɗaya. Ki shuka sauran a gwangwani biyu da aka huda ƙasansu, da yashi mai laima. Kada ki cika ruwa, iri yana buƙatar iska, idan ya nutse ruɓewa zai yi. Bayan kwana bakwai zuwa goma ki juye gwangwanin a hankali ki wanke saiwoyin. Wake zai nuna saiwa ɗaya babba mai rassa, ganyensa da jijiyoyi kamar raga. Masara za ta fara fitar da saiwoyi sirara da yawa, jijiyoyin ganyenta a miƙe, kowacce na bin 'yar'uwarta. Ki zana su ki sa suna. Ki ƙara da abin da ba za ki gani a gwangwani ba: sassan fure uku-uku a masu ganyen iri ɗaya, huɗu ko biyar a masu biyu. Girma ba hujja ba ne. Dabino, giginya da goruba manyan bishiyoyi ne amma ɓangarensu ɗaya da masara da albasa.

Mabuɗin tantancewa mai rassa biyu, wanda ake sa ku ginawa ko bi, shi ma a tsakar gida ake koyonsa. Ki ɗauki halittu shida: ƙadangare, dodon koɗi, tana, gizo-gizo, ƙuda, kyankyaso. Kowane mataki tambaya ɗaya ce mai amsar i ko a'a. Yana da ƙafafu? Marasa ƙafa su ne dodon koɗi da tana, sai ƙoƙon baya ya raba su. Masu ƙafa: ƙafa huɗu ne? Ƙadangare ya fita. Ƙafa takwas? Gizo-gizo ya fita. Fuka-fuki biyu ne ko huɗu? Ƙuda biyu, kyankyaso huɗu. Tambaya biyar ta raba halittu shida, kuma kullum haka ne, adadin tambayoyi ya gaza na halittun da ɗaya. Idan naki ya wuce ko ya kasa, akwai inda kika karkace. Inda ake faɗuwa shi ne amfani da abin da ba a gani a jikin samfurin, kamar "yana zama a masai" ko "yana fita da dare", ko kalmomi irin su babba da ƙarami ba tare da awo ba. Haka idan aka ce ki kawo bambancin da ake gani tsakanin samfura biyu: ki yi tebur, kowane layi siffa ɗaya a ɓangarorin biyu, ƙafa da ƙafa, fiffike da fiffike. Kunama da shanshani kuma a hoto za ki karance su, ba a kama su don karatu.

Mako shida sun isa, da minti talatin a rana, ba tare da kin danne sauran darussa ba. Ki rage tamanin ɗin nan zuwa talatin: waɗanda malaminku ya fi ambata, da waɗanda kika gani a tambayoyin shekarun baya. Ki yanka kwali ƙanana, gaba sunan da kika sani, baya sunan kimiyya da rukuninsa da siffa ɗaya. Biyar a rana, ba fiye ba. Abin da ke sa suna ya zauna shi ne ƙoƙarin tuno shi, don haka kada ki juya katin sai kin rubuta amsar da biro a takarda, da babban baƙinta da layukanta biyu. Wanda kika ci ki sake gwada shi gobe, sai bayan kwana uku, sai bayan mako. Wanda kika faɗi ya koma na gobe. Karatun dare da kike yi yana ba ki jin cewa kin iya ne saboda idonki na kan shafin. Gwaji na gaskiya sai littafi na rufe. Makon farko ki ba matakai bakwai da dokokin rubutu, na biyu masarautu, na uku da na huɗu dabbobi, domin sun fi yawa, na biyar tsirrai da mabuɗi. Gwangwanayenki ki shuka su a ƙarshen mako na uku don su iso a kan lokaci. Na shida tambayoyin baya kawai, da agogo a gabanki, kina rubuta kowane kuskure a shafi ɗaya da za ki duba a daren jarrabawa. Idan kina da ƙane ko ƙanwa, ki zaunar da su ki yi musu bayanin abin da ya raba kaska da kyankyaso da Hausa. Inda harshenki ya sarƙe, nan ne ba ki gane ba tukuna.

Saura tumatir. Linnaeus ya sa masa Solanum lycopersicum a 1753. A 1768 Philip Miller na Ingila ya fitar da shi zuwa jinas nasa na kansa, Lycopersicon esculentum, aka daɗe ana amfani da wannan. Nazarin ƙwayoyin gado ya nuna gidansu ɗaya da dankalin Turawa, aka mayar da shi Solanum. Irin wannan ya faru da wasu: gawo da Acacia albida ne, yanzu Faidherbia albida, kwaɗon da littattafan makaranta ke kira Bufo regularis masana sun mayar da shi Sclerophrys regularis. A canki-canka ɗaya daga cikin biyun za ki gani, ki zaɓe shi. A rubutu ki yi amfani da wanda ke littafin da makarantarku ke koyarwa da shi, ki tambayi malam ranar da kika kai masa takardar nan. Abin da ba za a karɓa ba shi ne ki ɗauki kan wannan ki haɗa da jelar wancan ki rubuta Solanum esculentum.